Kafin Keken Motsa Jikinki Ya Koma Wurin Shanya Kaya

 

Tun bayan maganar da muka yi kan hawan jini a makonnin baya, saƙonnin da kuka fi ajiyewa a ƙasan shafin nan ba na magani ba ne, na keken motsa jiki ne. Wata 'yar uwa daga Barnawa ta ce feda ɗaya ta ƙi shiga, maigida ya sa ƙarfi ya tura ta, yanzu da ta hau ta yi 'yan mintoci sai fedar ta faɗo. Wata daga Narayi ta ce mitar kekenta tana kawo haske amma ba ta ƙirga komai. Wata kuma daga Kakuri ta ce nata ya haɗu daidai, sai dai kwana biyar da fara hawa gwiwarta ta ɗauki ciwo, ta ajiye. Dukkansu tambayarsu ɗaya ce: ko jabu aka sayar mana?

Akwai jabu a kasuwa, wannan ba gardama. Amma yawancin kekunan da nake gani an jingine a lungun falo, an rataya musu tawul da hijabi da kayan makarantar yara, ba su lalace ba. Wurin haɗa su aka samu matsala, kuma matsalar ba ta wuce wurare huɗu ko biyar ba.

Na san wata za ta ce ina ruwan ma'aikaciyar jinya da sifana. Ruwana a ciki shi ne mu ne muke cewa mace ta motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Faɗa da baki ba wuya. To, macen da ke Sabon Tasha ko Unguwar Romi, ga yara ga aiki, ina za ta je? Filin Murtala yana can ƙetaren gada, kuɗin abin hawa kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san inda ya kai. Tafiya a gefen titin Kachia da sassafe, tsakanin manyan motoci da masu Keke Napep da ƙura, ba kowace mace ce za ta iya ba, ba kuma kowane maigida ne zai yarda ba. Shi ya sa keken cikin ɗaki ya dace da mu. Bai damu da an kawo wuta ko an ɗauke ba, kina hawa kina jin ƙamshin tukunyarki. Idan aka tara kuɗin adashi aka saye shi, sannan noti ɗaya ya hana a hau, an yi asarar kuɗi, jinin kuma yana nan inda yake.

Kuma kar wata ta ce min aikin maza ne. A nan Kakuri aka riƙa haɗa motocin Peugeot tun 1975, a kawo kayan gunduwa-gunduwa daga Faransa, ma'aikata su haɗa su fito da mota tana tafiya. Keken da bai wuce ƙusoshi goma sha ba bai kamata ya gagare mu a wannan yanki ba. Wadda ta iya kwance injin markaɗe ta wanke ta mayar, ko ta sa zare a keken ɗinki, ta iya wannan.

Kafin ki ɗaure komai

Ki shimfiɗa tabarma ko tsohon zani, ki zazzage kwalin a kai, ki jera kayan ki gwada su da hoton da ke cikin takardar da aka sako. Ki yi wannan yara ƙanana ba sa ɗakin. Washa da ƙananan noti da batir duk abubuwa ne da mai rarrafe ke kaiwa baki, ledojin da aka naɗo kayan kuma haɗari ne ga numfashinsa. Idan na hannu kika saya, irin wanda ake cewa Beljiyam, kuma babu takarda, ki duba jikin keken akwai wata 'yar takarda da aka manna mai sunan kamfani da lambar samfuri. Ki rubuta su a wayarki ki nema a intanet, sau da yawa za ki samu takardar da hotunanta. A wannan 'yar takardar ne kuma ake rubuta iyakar nauyin da keken zai ɗauka. Ƙananan na gida da yawa kilo 100 zuwa 120 ne. Ki karanta shi da gaskiya, musamman idan maigida ma zai riƙa hawa.

Abin da ya fi ɓata aiki tun farko shi ne a sa ƙusa ɗaya a ɗaure ta tamau, sannan a zo sa ta biyu a ga ramin ya kauce. Daga nan sai a ɗauko guduma. Kar ki ɗaure ko ɗaya sai duk ƙusoshin wurin sun shiga raminsu da hannu. Bayan sun shiga, sai ki bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana, kaɗan-kaɗan, kamar yadda mai faci ke ɗaure tayar mota.

Ƙafafun keken guda biyu ne, kuma ba iri ɗaya ba ne ko da sun yi kama. A yawancin kekuna, mai ƙananan tayoyin turawa ita ce ta gaba, mai roba a bakinta ita ce ta baya. Idan ƙafar zagayayya ce kamar bututu, za ki ga wasu washa masu lanƙwasa, nata ne, kuma lanƙwasar ta kwanta a jikin bututun. In kin gama kika ga keken yana rangaji, kar ki yi saurin zargin kamfani. Daɓen gidajenmu, na siminti ko na tayil, da wuya ka samu wanda ya miƙe sak. Robar da ke bakin ƙafar baya ana murɗa ta, tana ɗagawa tana saukewa. Ki murɗa ta gefen da ke reto har keken ya zauna. Ki sa tsohon kafet ko shimfiɗar roba a ƙasa, don kar ya zame a kan tayil, don kuma maƙwabta na ƙasa idan a bene kike.

Fedar hagu

Nan ne inda aka fi yin asara, don haka ki ba ni hankalinki.

Duk abin da muka saba murɗawa a gida, murfin kwalba, famfo, noti, dama ake yi da shi ya ɗauru, hagu ya kwance. Fedar dama haka take. Fedar hagu kuwa a juye aka yi ta: hagu ake murɗa ta ta ɗauru. Ba kuskuren kamfani ba ne. Haka kowane keke yake a duniya, har na ɗanki da yake zuwa makaranta da shi, saboda da an yi ta kamar ta dama, juyawar tuƙi da kanta za ta riƙa kwance ta.

Ki ɗauki fedojin biyu ki duba bakin ƙarfensu. Ɗaya an buga mata harafin L, ita ce ta hagu. Ɗaya an buga mata R, ita ce ta dama. Hagu da daman da ake nufi na wanda ya hau keken ne, ba na wanda ya tsaya a gabansa yana kallonsa ba. Mutane da yawa a nan suke rikicewa. Ga hanya mafi sauƙi ta tunawa: ki sa sifana a fedar, mariƙin sifanar yana kallon sama, ki tura shi wajen gaban keken. Ko ta hagu ko ta dama, wajen gaba ɗaurewa ne, wajen baya kwancewa ne.

Sannan kar sifana ta taɓa feda sai ta shiga da yatsunki zagaye uku ko huɗu cikin sauƙi. Ki shafa ɗan giris a zarenta, wato layin nan mai murɗe da makanikai ke kira tiredi, ki saita ta sak, ki murɗa a hankali. Idan ta cije tun zagayen farko, to ko ba ta gefen ba ce, ko ta shiga a karkace. Ki fito da ita ki sake. Ƙarfen feda ya fi na sandar da take shiga tauri, don haka idan aka sa ƙarfi ita ce za ta cinye zaren sandar, kuma daga ranar ba za ta sake zama ba. Abin da ya samu 'yar uwarmu ta Barnawa ke nan. Sifanar feda mai lamba 15 ce. 'Yar siririyar da ake sakowa a kwali ba ta da ƙarfin kirki, ki aro ta gaske a wurin mai gyaran keke ko makaniken unguwa don ɗaurin ƙarshe. Wasu kekunan suna da noti a bayan fedar, shi ma na hagu a juye yake.

Idan an riga an cinye zaren fa? Ki kai wa mai gyaran keke sandar da fedar. In ɓarnar a bakin ramin kawai take, yana iya shigar da fedar ta baya ta gyara zaren, sannan ya dawo da ita ta gaba. In ta yi nisa, sai an sauya sandar. Za a samu wanda zai ce a kai wa mai walda ya liƙe ta. Ni ban ba da wannan shawara ba. Zafin walda yana lalata robar fedar da abin da take juyawa a kai, kuma walda tana iya ɓallewa daidai lokacin da kika ɗora duk nauyinki. Faɗuwa daga kan keken ɗaki ba ta da nisa, amma ƙarfen da ya rage a jiki yana yanka ƙwauri, kuma ga mai ciwon suga rauni a ƙafa ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan mako guda da fara hawa, ki sake bin fedojin da sifana. Ki kuma cire 'yar marfin robar da ke tsakiyar sandar feda, akwai noti ko ƙusa a ciki. Idan ya saki, ki sa a ɗaure shi a ranar. Hawa da shi a sake yana buɗa ramin sandar har ya zama ba ya ɗauruwa.

Mitar da ba ta ƙirga, da abin murɗawa da ba ya aiki

Waɗannan biyun wurin sa wuyan keken ake ɓata su, wato sandar da ke ɗauke da mariƙin hannu da mita. A cikinta akwai siririyar waya da ke haɗuwa da wata daga ƙasa. Wani lokaci a manta a haɗa su, wani lokaci kuma a haɗa, amma wurin zura sandar a datse wayar tsakanin ƙarfe biyu.

Idan mitar ba ta kawo komai, batir ne: ko ya mutu, ko an juya shi, ko akwai 'yar ledar da kamfani ke sawa tsakaninsa da ƙarfe ba a zare ba. Idan kuma tana kawowa amma sifili take nunawa kina tuƙi, kamar ta 'yar uwarmu ta Narayi, to saƙo ne ba ya isowa daga ƙasa. Yadda abin yake aiki shi ne akwai ɗan maganaɗisu a jikin abin da ke juyawa, duk zagaye yana wucewa ta gaban wani ɗan abu baƙi mai waya, shi kuma ya aika wa mita. Ki fara duba mahaɗin da ke bayan mitar, sannan ki sassauta wuyan keken ki ɗaga shi ki duba na ciki. In duk suna haɗe, to ɗan abin baƙin ne ya goce a hanya. Ana matso shi kusa da maganaɗisun, ya rage ɗan tazara kaɗan, kar su taɓa juna.

Abin murɗawa mai lamba 1 zuwa 8, wanda ke ƙara wa tuƙi nauyi, kebur ne yake ja, irin na birkin keke. Keburan biyu ne, na sama da na ƙasa, kuma sai an maƙala kan na sama a ƙugiyar na ƙasa, a ja shi sama da ƙarfi ya zauna a cikin tsagar wani ɗan ƙarfe. Idan an maƙala amma bai zauna a tsagar ba, za ki murɗa har 8 ki ji tuƙin ba nauyi. Wasu takardu suna cewa a mayar da lambar kan 1 kafin a haɗa, ki duba abin da taki ta ce. Wannan aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe wuyan keken ɗaya ya maƙala.

Tun da muna kan mita, bari in faɗi wani abu. Lambar kalori da take nunawa kintace ne, ba ta san nauyinki ba balle shekarunki. Ƙarafan da ake riƙewa su nuna bugun zuciya su ma ba abin dogaro ba ne sosai, kuma ba sa auna hawan jini ko kaɗan. Na sha jin mace ta ce keke ya nuna mata 90, jininta ya sauka, ta ajiye magani. Bugun zuciya ya nuna miki, ba jini ba. Lokaci kawai za ki duba a mitar nan. Ko da ta mutu gaba ɗaya, agogon wayarki ya isa.

Ƙara kuma tana da hanyar ganewa. Idan ƙas-ƙas ce sau ɗaya a kowane zagaye, feda ce ko sandarta. Idan kika ɗaga jikinki daga sirdi ƙarar ta tsaya, sirdin ne bai ɗauru ba. Idan gurza ce ba tsayawa, ko murfin roba ne ke taɓa wani abu, ko kuma, a kekunan da ke da babban faifan ƙarfe a gaba, auduggar birkin da ke danne faifan ce ta bushe. Ƙurar hunturun Kaduna tana saurin busar da ita. Ki goge faifan, ki sa mata ɗan man silikon. Man gyaɗa da man ja na girki ne, suna kama ƙura su yi danƙo. Da damina kuma gumi da laima ke kawo tsatsa, ki riƙa goge keken bayan kin sauka, ki lulluɓe shi da tsohon zanin gado.

Sirdi da gwiwa

Wannan shi ne ɓangarena, kuma shi ne dalilin da ya sa mata da yawa suke daina hawa ko da keken ya haɗu lafiya.

Kusan kowace mace tana sauke sirdi ƙasa sosai, saboda tana son ƙafarta ta taɓa ƙasa tana zaune. Da yawanmu ba mu hau keke muna yara ba, tsoron faɗuwa yana nan. Amma wannan keken ba ya faɗuwa, ba a bukatar ƙafa ta taɓa ƙasa. Idan sirdi ya yi ƙasa, gwiwa tana lanƙwashewa fiye da kima a duk zagaye, ƙoƙon gwiwa yana dannuwa a kan ƙashin cinya. Ki lissafa, zagaye 60 a minti ɗaya, minti 20, sau 1,200 ke nan kowace gwiwa. Macen da dama tana da nauyi, ko ta fara ciwon sanyin ƙashi, kwana kaɗan za ta ji a jikinta.

Ki tsaya a gefen keken, ki ɗaga sirdin ya zo daidai ƙashin ƙugunki. Ki hau, ki ɗora diddige a kan feda, ki kai ta can ƙasa. A nan ƙafarki ta miƙe sak ba tare da kin karkata ba. Sannan ki mayar da ƙafar yadda ake tuƙi, wato faffaɗan wurin da ke bayan yatsu ne a kan feda. Za ki ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan idan feda tana ƙasa. Haka ake so. In gaban gwiwa ke ciwo, yawanci sirdi ya yi ƙasa. In bayan gwiwa ne, ko kina jin ƙugunki yana rausaya hagu da dama don ki kai ga feda, ya yi sama, ki sauke rami ɗaya.

Abin da ke riƙe sandar sirdi yana da ɗan ƙarfe da ke faɗawa cikin rami. Sai kin ji ya faɗa, sannan ki murɗa ki ɗaure. Idan kika ɗaure shi tsakanin rami biyu, sirdin yana iya rufta da ke kina cikin tuƙi, kuma bayanki ne zai karɓi bugun. A jikin sandar akwai layin iyaka, kar a ɗaga ta ta wuce shi. Shi kansa sirdin ya kwanta daidai, kar hancinsa ya ɗaga sama. Ciwon mazaunai na makon farko kusan kowa yana yinsa kuma yana wucewa. Amma jin gaba ya yi sanyi kamar ba jini, ko zafi wurin fitsari bayan hawa, alama ce sirdin yana danna inda bai kamata ba. Ki gyara kwanciyarsa, ki ɗaga mariƙin hannu don kar ki duƙa da yawa, ko ki sauya shi da mai faɗi. Wadda ke fama da ciwon baya ko ƙiba sosai, idan ba ta riga ta saya ba, ta nemi irin mai kujera da majingina.

Idan aka saita sirdi aka rage nauyin tuƙi amma gwiwa ta kumbura, ko ta yi zafi in an taɓa, ko tana maƙalewa, wannan ya wuce sifana. Ki je asibiti a duba.

Mai ɗaukar keken gaske

Akwai wani iri da ke shigowa cikin kayan Beljiyam, wata ta turo min hotonsa tana tambaya ko rabin keke aka sayar mata. Ƙarfe ne mai ƙafa kamar tsani, da ɗan gangare a ƙasa. Ba a hawansa shi kaɗai. Keken gaske ake ɗora masa, ya kama tsakiyar tayar baya ta gefe biyu, tayar ta riƙa gudu a kan gangaren. 'Yan tseren keke a Turai da Amurka ke amfani da shi lokacin sanyi. Matsalarsa a nan ita ce an yi shi ne don kekunan da tayar bayansu ke da siririn ƙarfe mai hannu da ake zarewa, alhali kekunanmu na gida irin su Phoenix noti ne ke riƙe tayarsu, kuma bakin abin ba lallai ya kama notin da kyau ba. Akwai noti na musamman da ake sa wa irin wannan. Idan babu shi, kuma kika girgiza keken kika ji yana motsi a ciki, kar kowa ya hau. In ya kama, a cika tayar da iska, a murɗa gangaren har ya taɓa ta, a ƙara zagaye biyu zuwa uku. Idan taya tana zamewa tana ƙara, a ƙara kaɗan. A sa katako ƙarƙashin tayar gaba don keken ya daidaita. Taya mai ƙuraje tana da ƙara kamar injin niƙa, mai santsi ta fi. Gaskiya, ga uwargida da ke neman saukar da jini, wannan wahalarsa ta fi amfaninsa, sai dai in akwai keke a gida dama.

Yatsun yara

Keke mai babban faifan ƙarfe a waje, faifan yana iya kai kilo goma ko fiye, kuma a yawancinsu fedar ba ta tsayawa don kin daina tuƙi, faifan ne zai ci gaba da jan ƙafarki. Ana tsayar da shi ne ta hanyar danna abin murɗawar nan ƙasa. Ki gwada wannan birkin tun kafin ki fara hawa da gaske, kuma kar ki zare ƙafa yana gudu.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yara. Babba ya juya feda da hannu yana wasa, ƙarami ya sa yatsa a sarƙa ko tsakanin faifai da ƙarfe. Irin wannan rauni yana kai wa ga rasa kan yatsa, duk wanda ya yi aiki a ɗakin taimakon gaggawa ya san haka. Murfin sarƙa ba ado ba ne, idan an kwance shi wurin gyara a mayar da shi kafin a tashi. In kin gama hawa, ki murɗa nauyin har ƙarshe yadda feda ba za ta juyu ba, ko ki ɗaure ta da igiya a jikin keken, ki kulle ɗakin in da hali. Kar ki hau da goyo, kar ki hau mai rarrafe yana kusa. Ke ma ki kula da tufafinki. Zani da doguwar riga da bakin mayafi duk suna shiga feda. A cikin ɗakinki kike, ki sa wando da takalmi mai rufi. Mai ciwon suga kar ta hau ba takalmi, kuma ta duba tafin ƙafarta bayan ta sauka.

Keken ya haɗu, sai hawa

Ki fara da minti 5 zuwa 10 a lamba mafi sauƙi, ki riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni har ki kai minti 30 sau biyar a mako, 150 ɗin ke nan. Ma'aunin shi ne ki iya magana kina tuƙi amma ba za ki iya rera waƙa ba. A watannin Maris da Afrilu ki yi da asuba ko bayan faɗuwar rana, taga a buɗe, ruwa a kusa.

Mai hawan jini ta auna kafin ta fara. Idan ya kai 180 a kan 110, ba ranar keke ba ce, ranar ganin likita ce. Keke kuma ba ya maye gurbin magani, likitan da ya rubuta shi ne zai rage idan lokacin ragewa ya yi. Mai yin allurar insulin ko shan glibenclamide ta sani sugarta na iya faɗuwa, kar ta hau da yunwa, ta ajiye dabino ko wani abu mai zaƙi kusa. Mai juna biyu da cikinta ke lafiya, keken ɗaki yana cikin motsa jikin da likitoci suka yarda da shi tunda babu faɗuwa, amma ta fara tambaya a wurin awo, kuma ban da wadda ke zubar jini, ko jininta ya hau saboda ciki, ko aka ce mabiyiya ta sauko ƙasa, ko aka ɗaure mata bakin mahaifa. Mai jego ta bari ta yi arba'in a duba ta tukuna, musamman wadda aka yi wa ƙari, domin sirdi daidai wurin ɗinkin yake dannawa. Wadda aka yi wa tiyata kuma sai likitanta ya ce to.

Duk wadda ta ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya gagare ta, ko zuciya tana bugawa ba bisa tsari ba, ta sauka nan take, a kai ta asibiti mafi kusa. A wannan ɓangaren na gari akwai Babban Asibitin Gwamna Awan da asibitin St. Gerard, dukansu a Kakuri, ba sai an tsallaka gada ba.

Wadda nata ya ƙi haɗuwa bayan duk wannan, ta rubuto a ƙasa ta faɗi sunan keken da lambar da ke jikin 'yar takardar nan, da daidai inda ya tsaya mata. Ban da lambar waya don Allah, kowa yana ganin shafin.